Yadda ake tantance talla a waya kafin a aika kuɗi, da yadda ake kai ƙarar ta damfara

Rumfata tana kusa da Kasuwar Dole a nan Damagaram. Gyaran salula nake yi da cajin batir. Amma a ƴan shekarun nan ba a yin wuni ba a sami wanda ya miƙo mini waya lafiyayya ba, ba abin da ya lalace a jikinta, sai dai ya ce: "Malam, duba mini wannan, gaskiya ce kuwa?" Wata rana babur ne na biya da kaɗan-kaɗan, wata rana kujerar Hajji mai araha, ko aiki a ƙasar Larabawa, ko a zuba jika 10 a kwashi jika 50. Waɗanda suka zo kafin su aika kuɗi, muna rabuwa da su cikin fara'a. Waɗanda suka zo bayan sun aika, su ne suke hana ni barci.

Abin da nake yi musu ba wani asiri ba ne, minti 15 ya isa, kuma duk mai waya a hannu zai iya. Sunayen maɓallai na rubuta su da Faransanci domin haka yawancin wayoyinmu suke. Kamfanonin manhajojin, irin su Facebook, suna yawan sauya musu wuri, saboda haka in ba ka ga abu a inda na ce ba, ka leƙa kusa da wurin.

Kayan aiki

Wayar da aka ga tallar a cikinta, da caji isasshe. Ƴan mega kaɗan, forfe na yini ma ya wadatar. Manhajar Chrome ko wata irinta, domin Facebook Lite ba ya nuna komai da komai. Manhajar Google, saboda ɗan hoton kyamara da ke cikinta, wato Google Lens. Ɗan littafi da biro, na rubuta lambobi da ranaku. In da hali, waya ta biyu ta wani ɗan'uwa, wadda za a yi kira da ita.

Abu na ƙarshe shi ne mutum ɗaya da ba ruwansa da cinikin, wanda ba ya jin kunyar ce maka a'a. Wanda ransa ya riga ya kwanta da kaya ba ya ganin aibinsu.

1. Ɗauki hoto kafin ka taɓa komai

Kada ka danna tallar tukuna. Danna maɓallin kashe waya da na rage sauti tare, ka ɗauki hoton fuskar wayar yadda sunan shafin, rubutun, farashin da lambar waya za su fito. In rubutun dogo ne, ɗauki biyu ko uku. In bidiyo ne kuma wayarka tana iya naɗar abin da ke fuskarta, naɗe shi. In ba ta iyawa, ɗauke shi da wayar ɗan'uwanka. Sannan rubuta ranar da sa'ar a littafinka.

Dalilin gaggawar shi ne, talla ba kamar rubutun abokinka ba ce da za ka koma shafinsa ka same shi. Da ka wuce ta, ko wayar ta sabunta, ta tafi, kuma mai yiwuwa gobe shafin ma babu shi. Mutane da yawa sun zo mini suna kuka, na ce ina tallar, sai su ce "ai ta wuce". Babu suna, babu hoto, babu abin kaiwa gaban hukuma.

Akwai dalili na biyu na hana dannawa. Na'urar da ke zaɓar tallar da za ta nuna maka tana lura da abin da ka taɓa. Ka danna ta damfara ɗaya, ta ɗauka irin abin da kake so ke nan, ta ƙaro maka ƴan'uwanta.

2. Duba ko ta biya ce

A ƙarƙashin sunan shafin, ko a gefensa, za ka ga ƙaramin rubutu: "Sponsorisé" ko "Publicité". A nan ne aka fi yaudarar dattawanmu. Wani tsoho ya taɓa ce mini: "Ɗana, ai kamfanin ne da kansa ya sa ta, ba za su sa ƙarya ba." Na ce masa: "Baba, wannan kalmar abu ɗaya take nufi, wani ya biya kuɗi don a nuna maka. Ba ta ce an bincika shi ba."

Ga yadda abin yake. Duk mai katin banki, a ko'ina yake a duniya, zai iya buɗe shafi, ya zaɓi cewa maza ƴan shekara 20 zuwa 45 da ke Zinder da Maradi yake so su gani, ya biya kuɗi kaɗan. Yawanci na'ura ce take duba tallar kafin ta fita, ba mutum ba, balle mutum mai jin Hausa wanda ya san farashin babur a garin nan.

Kuma kamfanonin sun san abin da ke wucewa ta hannunsu. A watan Nuwamba 2025 kamfanin dillancin labarai na Reuters ya wallafa abin da ya gani a takardun cikin gida na Meta, mai Facebook da Instagram da WhatsApp. Takardun sun yi hasashen cewa kusan kashi 10 cikin 100 na kuɗin shigar kamfanin a 2024, wajen dala biliyan 16, daga tallace-tallacen damfara da na haramtattun kaya za su fito. Sun kuma nuna cewa ba a korar mai talla sai na'ura ta kai kashi 95 cikin 100 na tabbacin cewa macuci ne. In zargin bai kai nan ba, sai a tsawwala masa farashin talla, wai don ya karaya. Meta ya amsa cewa ƙiyasin na jeka-na-yi-ka ne, kuma ya haɗa da tallace-tallace na halal masu yawa. Ko an rage rabi, kuɗin da ya saura na mutane ne irin waɗanda suke zama a bencin rumfata. In ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Wannan bai sa kowace talla ta biya ta zama ƙarya ba. Ƴan kasuwarmu na gaskiya ma suna biya. Sai dai ka ɗauke ta kamar baƙon da ya tare ka a tasha ya ce yana da kaya masu kyau a gida.

3. Shiga shafin, ka duba tarihinsa

Danna sunan shafin, ba hoton tallar ba. In ya buɗe, nemi "À propos", sannan "Transparence de la Page". Abu uku kake nema: ranar da aka buɗe shafin, ko an taɓa sauya masa suna, da ƙasar da masu tafiyar da shi suke. Na ukun ba kullum yake fitowa ba, musamman a ƙananan shafuka. In kana kan Facebook Lite ba ka ga wurin ba, buɗe shafin ta Chrome.

Wannan matakin shi ya fi kama ɓarayi a hannuna. Wata Hajiya daga Birni, tela ce, ta zo da tallar keken ɗinki na lantarki, jika 35, wai wani babban shago ne a Yamai yake rage kaya kafin Sallah. Har ta ƙulle kuɗin a bakin mayafinta. Muka shiga tarihin shafin. An buɗe shi da sunan masoyan wata ƙungiyar ƙwallon ƙafa, daga baya ya koma shafin wa'azi, sannan kwana 9 kafin zuwanta ya zama shagon keken ɗinki. Na juya mata wayar na karanta mata sunayen ɗaya bayan ɗaya. Ta yi shiru, ta kwance bakin mayafin ta duba kuɗinta, ta sake ƙullewa da ƙarfi, ta ce: "Allah ya yi maka albarka, yaro. Adashen wata huɗu ne."

Kada yawan mabiya ya ruɗe ka. Ana sayen tsohon shafi da mabiyansa, ana kuma sace shi daga mai shi. Gangara ƙasa ka ga tsofaffin rubuce-rubucen. In shagon babura ne amma bara hotunan amare yake sawa, ka san inda aka dosa. Ka karanta sharhin mutane ma. Yabo iri ɗaya, "na karɓi nawa, na gode", daga sunayen da ba ka taɓa jin irinsu a ƙasar Hausa ba, ko kuma wayar ta ce sharhi 80 ne amma 6 kawai kake gani, alama ce ana goge na masu kuka.

4. Leƙa rumbun tallace-tallace

Mutane kaɗan suka san wannan. A Chrome rubuta facebook.com/ads/library. Zaɓi ƙasa, Niger, zaɓi dukkan tallace-tallace, sannan rubuta sunan shafin. Zai nuna maka tallace-tallacen da shafin yake gudanarwa a halin yanzu da ranar da kowace ta fara. Ka sake gwadawa da wata jimla daga cikin tallar maimakon sunan. In ka ga jimla ɗaya, hoto ɗaya, a ƙarƙashin shafuka biyar masu suna daban-daban, hannu ɗaya ne.

In a YouTube ka ga tallar, taɓa ɗigo ukun da ke gefenta ko ƙaramin harafin i, zai nuna sunan wanda ya biya da ƙasarsa. Tallar da ke cewa gwamnatin Nijar tana raba tallafi, amma mai biya yana wata nahiya, ba ta buƙatar dogon bincike.

Wannan matakin yana cin mega fiye da sauran. In rezo ba shi da ƙarfi, tsallake shi ka koma kansa da dare.

5. Hoto da bidiyo

Buɗe manhajar Google, taɓa ɗan hoton kyamara, zaɓi hoton da ka ɗauka a mataki na farko, ka ja gefensa har ya rage kayan kawai. Zai kawo maka wuraren da hoton yake a intanet. Sau da yawa babur ɗin da aka ce yana Zango yana jiran ka, za ka tarar hotonsa daga shafin wani kanti ne a Sin ko Indiya. In bai kawo komai ba, hakan bai wanke mai tallar ba, ci gaba kawai.

Bidiyo ya fi wuya yanzu. Ana ɗaukar fuskar sanannen mutum, attajiri ko malami ko mai karanta labarai a talabijin, a sa na'ura ta ƙera muryarsa yana cewa a zuba kuɗi a wuri kaza. Da can ina gane su ta leɓe, baki yana tafiya daban magana daban, ko murya shimfiɗaɗɗa ba numfashi, ko Hausar da karin sautinta ya karkace. Har yanzu ka duba waɗannan, amma kada ka dogara da su, aikin nasu yana ƙara kyau. Hanyar da ba ta tsufa ita ce ka je shafin gidan rediyon ko na mutumin na ainihi, wanda ka sani tun da, ka ga ko maganar tana can. Labarin da ya kai a ce ana raba wa talakawa kuɗi, ba zai ɓuya wa gidajen rediyon garin nan ba.

6. Adireshi da lambar waya

In tallar tana kai mutum wani shafi a waje, karanta adireshin da ke sama harafi-harafi. Sukan ƙara harafi ɗaya, ko su manna sunan banki ko na kamfanin waya a gaban wani dogon suna. Shafin da ya ce sai ka aika wa mutum 10 ko zaure 5 na WhatsApp kafin ka karɓi kyauta, rufe shi nan take. Alamar kwaɗon kulle da wasu manhajoji ke nunawa a gefen adireshi ma ba shaidar amana ba ce, ɓarayi ma suna da ita.

Lambar Nijar tana farawa da +227. Ta Najeriya +234, ta Benin +229, ta Kodebuwa +225. Lambar waje ba laifi ba ce, ciniki mai yawa da Kano muke yi. Laifin shi ne mutum ya ce yana Sabon Gari amma lambarsa ta wata ƙasa ce. Lambar gida ma ba ta wanke kowa.

Kira shi da waya ta biyu, kira na sosai, ba na WhatsApp ba. Tambaye shi abin da ɗan gari ba zai yi tuntuɓe a kai ba: shagon naka kusa da wane masallaci yake, wa ke maƙwabtaka da kai? Sannan ka ce za ka turo ƙaninka ya ga kayan. Mai gaskiya murna zai yi. Macuci kuwa nan take zai yi tafiya, ko kayan suna sito, ko saura ɗaya kuma wani yana kan hanya da kuɗi. In kayan a Maradi ko Yamai ko Kano suke, ba ka da kowa can, je tasha ka sami direban da ka sani, ka ba shi ɗan goro ya leƙa maka. Kakanninmu sun hana cinikin biri a sama, waya ba ta sauke birin ba.

7. Yi lissafi da biro

Ga kaya, abu ne mai sauƙi. Shiga kasuwa ka tambayi mutum biyu farashi. Ragin jika 2 ko 3 ciniki ne. Rabin farashi kuwa, sai ka tambayi kanka me ya hana mai kayan kai su wa dillalan kasuwa su kwashe a yini ɗaya.

Ga masu cewa a zuba kuɗi, ɗauki biro. In da gaske kuɗi yana ninkawa kowane mako, jika 10 za ta zama jika 20, 40, 80, a mako na goma ta haura miliyan 10. Wanda ya mallaki wannan hanyar me zai yi da jika gomanka, har ya biya kuɗin talla yana neman ka? Kuɗin sababbin shiga ake ba tsofaffi, ranar da sababbi suka ƙare a rufe. Haka MMM, wata harkar zuba kuɗi ta intanet, ta daskarar da kuɗin mutane a Najeriya a Disamba 2016, haka wata irinta mai suna CBEX ta rushe a Afrilu 2025. Kuskuren da na fi gani shi ne mutum ya gwada da jika 5, a biya shi jika 8, sai ya sayar da akuyoyin matarsa ya zuba. Biyan farkon nan tsaba ce aka watsa wa kaza.

Mai karɓar ajiyar jama'a dole ya kasance da izinin hukuma, kuma babban bankin BCEAO yana wallafa sunayen bankuna da kamfanonin kuɗin waya da aka amince da su. Kujerar Hajji, hukumar COHO ce take kula da ita, sai ka tabbatar kamfanin yana cikin waɗanda ta yarda da su, ka kuma taka da ƙafarka zuwa ofishinsa. Aiki kuwa, wanda zai ɗauke ka shi ne zai biya ka. In aka fara da kuɗin fom, gobe kuɗin likita, jibi kuɗin biza, ba ranar ƙarewa.

8. In za ka biya, ga yadda ake biya

Mafi kyau, kaya a hannu kuɗi a hannu. In ba zai yiwu ba, ba direba ko ɗan'uwa kuɗin, ya miƙa bayan ya ga kaya.

Akwai dabara ɗaya da nake so kowa ya sani, domin ta ci mutane masu wayo. Wani matashi ɗan kabu-kabu, babur ɗin haya yake tuƙawa, burinsa ya mallaki nasa. Ya ga talla, ya kira, ya ma nuna shakka. Sai mutumin ya ce masa: "Ƙanina, kana da gaskiya, duniya ta lalace. Kada ka ba ni kuɗin tukuna. Je ka aika kafin alƙalamin ta ofishin aika kuɗi, ka riƙe resin a hannunka, hotonsa kawai za ka turo don maigida ya ga da gaske kake, in babur ya iso sai mu karɓa." Ya aika jika 60 ta wani ofishin aika kuɗi, ya ɗauki hoton takardar ya tura. Lambar karɓa tana jikin takardar, da sunaye duka. Da ya zo rumfata da la'asar, hular kwano a hannu, resin a ninke cikin aljihun gaba, cewa yake ai kuɗin suna nan tunda takarda tana wurinsa. Muka je tare. An karɓe su tun kafin azahar a wani gari. Ya tsaya a bakin ƙofa yana ta sake karanta takardar.

Saboda haka: hoton resi kuɗi ne, lambar karɓa kuɗi ce. Lambar sirrin asusun wayarka ba a faɗa wa kowa, ko da ya ce daga kamfanin yake kira. Lambobi 6 da WhatsApp yake aikowa ta saƙo, wanda ya karɓe su ya karɓe maka WhatsApp, ya shiga roƙon ƴan'uwanka da sunanka. Tun yau shiga "Paramètres", "Compte", "Vérification en deux étapes", ka sa lambar sirri ta biyu. Hoton katin ɗan ƙasa ma kada ka tura wa baƙo, da shi ake buɗe layi a cuci wani da sunanka.

9. Kai ƙarar tallar

Ko ba ta ci ka ba, kada ka wuce ta haka nan. A Facebook da Instagram taɓa ɗigo ukun da ke saman tallar, zaɓi "Signaler la publicité", sannan dalilin da ya shafi zamba, "arnaque" ko "fraude". Kada ka zaɓi "Masquer" kawai, wannan ɓoye ta yake yi daga idonka, maƙwabcinka yana ci gaba da gani. Bayan tallar, shiga shafin ma ka kai ƙararsa daban. A TikTok danna bidiyon ka riƙe, "Signaler" zai fito. A WhatsApp taɓa lambar a sama, gangara ƙasa, ka kai ƙara ka toshe, amma sai bayan ka ɗauki hoton hirar. Ɗauki hoton saƙon da ya ce an karɓi ƙararka, ka rubuta ranar.

Ba zan ɓoye maka ba, sau da yawa amsar da za ta dawo ita ce tallar ba ta saɓa ƙa'ida ba. Na sha samun wannan amsar a kan tallar da na san wanda ta cuta da sunansa da unguwarsu, kuma abin yana ci mini rai. Rahoton Reuters ɗin nan ya ce a 2023 ma'aikatan Meta sun gano cewa, cikin ƙararraki na gaskiya kusan 100,000 da mutane ke kaiwa kowane mako kan masu aiko musu saƙon damfara, kashi 96 cikin 100 an yi watsi da su ko an ƙi su bisa kuskure. In an ba ka damar neman a sake dubawa, nema. Ka kuma kai wayar fada lokacin shayi, kowa ya nemo shafin ya kai ƙara daga wayarsa. Na ga shafin da ƙarata ni kaɗai ba ta motsa ba, ya ɓace bayan samarin unguwa sun taru a kansa.

Me ya sa nake nacewa? Domin inda aka matsa wa kamfanonin nan, suna gyarawa. A Ingila wani ɗan jarida mai ba da shawara kan kuɗi, Martin Lewis, ya kai Facebook kotu a 2018 saboda ana sa fuskarsa a tallace-tallacen damfara. A farkon 2019 ya janye ƙarar bayan kamfanin ya yarda ya ba ƙungiyar Citizens Advice fam miliyan 3, ya kuma ƙirƙiro maɓalli na musamman na kai ƙarar irin waɗannan tallace-tallace a ƙasar. A Tarayyar Turai, dokar da ta fara aiki a kan manyan kafafe a Agusta 2023 ta ba da damar cin su tarar da ta kai kashi 6 cikin 100 na kuɗin shigarsu na duniya. Can, rumbun da na nuna maka a mataki na huɗu yana ajiye talla har shekara guda bayan ta ƙare, da sunan wanda ya biya. A nan kuwa tallar kasuwanci tana tsayawa take ɓacewa daga rumbun. Kamfani ɗaya ne, na'ura ɗaya ce, doka ce ta bambanta. A ganina wanda ya karɓi kuɗi ya kai ɓarawo har cikin ɗakin mutum, ba zai ce shi ɗan aike ne kawai ba. Dillali a kasuwar dabbobi, in ya haɗa ka da saniyar sata, shi ake fara kamawa. Ya kamata hukumominmu da na maƙwabta su haɗa baki su nemi a tantance mai talla kafin a karɓi kuɗinsa, a kuma ɗauki masu jin Hausa da Zabarmanci da Barbarci su riƙa duba ƙararraki. Ba za su iya nema ba sai da shaida a hannu, shaidar kuwa ita ce hotunan nan da muke tarawa.

10. In kuɗin sun riga sun tafi

Sa'a ta farko ita ce komai. Kada ka tsaya jayayya da macucin a waya, kada ka nuna masa ka gane. Hau babur ka tafi ofishin da ka aika, da resinka da katinka, ka ce a tsayar. In ba a karɓa ba tukuna, akwai fata. In ta asusun waya ka aika, kira sashen kula da abokan ciniki na kamfanin, ka ba su lambar da ke cikin saƙon aikawa, ka nemi su rubuta ƙorafinka. In ka riga ka faɗi wata lambar sirri, sauya ta kafin komai.

Daga nan sai komisariya, ko wurin jandarmomi in a ƙauye kake. Nijar tana da doka kan laifukan intanet, mai lamba 2019-33 ta ranar 3 ga Yuli 2019, kuma damfara ta waya tana cikin abin da ta hukunta. Tafi da hotunan tallar, na hirar, lambobin waya, resi, da ranakun da ka rubuta. In da hali buga su a takarda, ka ajiye kwafi a gida. Kada ka goge hirar don haushi, kada ka bar yaro ya yi wa wayar wankin ƙwaƙwalwa. Ba na yi maka alkawarin kuɗi za su dawo, sau da yawa ba sa dawowa. Amma layin waya da sunan wani aka yi masa rajista, wanda ya karɓi kuɗi a gishe ya nuna kati, kuma ƙararka tana iya zama ta biyar a kan lamba ɗaya.

Ka yi hattara da zagaye na biyu. Bayan kwana kaɗan wani zai kira, ko ka ga wata tallar, wai lauya ne ko jami'i ko gwanin kwamfuta mai dawo da kuɗin da aka sace, a ba shi jika 15 na buɗe fayil. Sau da yawa mutanen farko ne, ko waɗanda suka sayar wa lambarka.

Kunya ce take sa a yi shiru, shirun kuma shi ke ba su mutum na gaba a gida ɗaya. Yi saƙon murya da Hausa zuwa zauren dangi da na unguwa, domin Inna da Baba ba karatun boko suke ba. Faɗi sunan shafin, irin kayan da yake tallatawa, lambar da aka kira ka da ita, da yadda aka bi da kai. Haɗa da hoton tallar da ka ɗauka, amma kada ka tura adireshin shafin kansa, don kada wani ya danna bai saurari saƙon ba.